Fim ɗina ya fito fayau a daren kamu: ƙwan filash zan koma ko mai caji?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina tafe da damuwa, kuma na san a nan akwai manyan da suka ci gumin fim tun ba a haife ni ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini kyamara Yashica Mat 124G, irin mai ido biyun nan da ake leƙawa ta sama. Wata shida ke nan ina aiki da ita da rana, cikin Agege da wajen Mile 12, hotuna kuwa suna fita tsaf. Daren Juma'ar da ta wuce aka yi kamun ƙanwata, na ce bari in ɗauka da kyamarar Baba don albarka. Na aro filash mai caji, wato na lantarki, Vivitar 283 a wurin abokina, na jona waya, na ƙarar da fim ɗin gaba ɗaya, hoto 12. Duk latsawar da na yi sai da filash ya haska, da idona na gani, har mata na kare fuska da mayafi. Jiya na karɓo wanki. Fim fayau kamar gilashi, ba amarya ba ƙawaye, sai 'yan ɗige-ɗige inda fitilun rumfa suke. Na yi wa mai wankin tas, shi kuma yana ta rantsuwa ba laifinsa ba ne. Har yanzu na kasa gaya wa ƙanwata.

To a cikin akwatin Baba akwai wani filash daban, mai faranti da ke buɗewa kamar mafici, da kwali biyu na ƙwayayen filash shuɗaye, an rubuta Sylvania Press 25B a jiki. Saura 19. Shin kyamarar ce ba ta jituwa da filash mai caji, dole sai da ƙwai? Nan da sati uku akwai walimar saukar karatu a Islamiyyarmu bayan Isha'i, ni aka ɗora wa hoton ɗalibai da malamai, wajen mutum 40. Ba na son a maimaita.

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makoma. Abu biyu za ka duba mini. Ɗaga fim ɗin a haske ka ga ko sunan fim da lambobi sun fito a gefensa. Sannan ka dubi gaban kyamara, kusa da idon ƙasa akwai wani ɗan ƙaramin hannu da harafi biyu, M da X. A kan wanne yake?

Ɗan Zango:
Baba, rubutun gefe ya fito sarai, baƙi ƙirin. Hannun kuma yana kan M. Ban taɓa taɓa shi ba, yadda na same shi ke nan.

Baba Mai Hoto:
Shi ke nan, an kama ɓarawo. Da farko dai gobe ka je ka ba mai wankin nan haƙuri. Tunda rubutun gefe ya fito, ruwansa lafiya lau yake, haske ne bai shiga ba. Ka ci mutuncin bawan Allah a kan abin da bai yi ba.

M ɗin nan na ƙwai ne. Mahaifinka da ƙwai ya yi aikinsa na ƙarshe, shi ya sa ka same shi a can. Ƙwan filash wuta ce ta gaske take ci a cikinsa, kuma ka san wuta sai ta kama kafin ta ruru. Don haka idan kana kan M, kyamara takan kunna ƙwan tukuna, ta ɗan jira, sannan ta buɗe ido daidai lokacin da wutar ta kai ganiyarta. Shi kuwa mai caji walƙiya ce, kafin ka ce kwabo ya haska ya mutu. Ka ga ke nan filash ɗinka ya yi aikinsa ya gama kyamara tana rufe da ido, ta buɗe ta tarar da duhu. Kai ka ga haske, mata sun ga haske, fim ne kaɗai bai gani ba.

Mayar da shi X ka ɗan manna masa salatif kada ya goce. Kuma kada ka kuskura ka ja hannun nan na jinkiri da mutum ke ɗaukar kansa hoto da shi alhali kyamara tana kan M, a irin wannan kyamarar yakan cije shota, wato abin da ke buɗe idon kyamara ya rufe.

Injiniya Alaba:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in sa masa lissafi. Ƙwai irin naka yana kai ƙarshen haskensa bayan kusan 1/50 na sakan daga kunnawa, jinkirin da M take yi ke nan. Filash mai caji kuwa gaba ɗaya rayuwarsa kusan 1/1000 na sakan ce, in yana kan otomatik ma ƙasa da haka. Abin da ke ciki: batir yana cika kafasito da wuta wajen bolt 300, shi ne ɗan kukan nan da kake ji yana tashi sama, sai a juye ta lokaci guda cikin bututu mai iskar zenon.

Amma Ɗan Zango, ka godewa Allah da kyamarar da ka gada. Shotarta a cikin lensi take, don haka a kan X za ta yi aiki da mai caji a kowane gudu har 1/500. Ba ka da wata bukatar ƙwai. Ka bar su a kwali a matsayin tarihi.

Baba Mai Hoto:
A'a Injiniya, nan ne zan rabu da kai. Lissafinka daidai ne, hukuncinka ne ban yarda da shi ba.

Ni na fara koyon aikin nan a 1971, ana kashe sule da fam, a hannun wani Bayarabe a Ebute Metta. Aikina na farko riƙe jakar ƙwai. Oga yana ɗauka, ni ina cire ƙonannen da hankici ina miƙa sabo. Kafin ya sa sai ya ɗan goga gindin ƙwan a tafin takalmi ko ya lasa, don wuta ta shiga da kyau. Ya haska, ka ji wani ɗan tas-tas fentin jikinsa yana tafasa, ga wari kamar an ƙona roba. Zuwa bikin al'adu na FESTAC a 1977 kusan duk wanda na gani a filin da kyamara mai caji ne rataye a kafaɗarsa, ni ma na saya, kuma ban yi nadama ba don ya ciyar da iyalina shekara da shekaru. Amma wallahi hoton daren da muka ɗauka da ƙwai daban yake. Fuskar mutum takan cika, ka ga goshi da kumatu sun zauna, hasken ya ratsa har bango. Mai caji kuwa kamar mari yake, ya dallo gaba ya bar baya baƙi. Ina da hotunan biki na wancan lokacin, duk wanda ya zo shago zan jera masa ya gani da idonsa.

Yaro yana da ƙwai 19 na mahaifinsa, ga mutum 40 a fili cikin dare. In ba a wannan rana ba, sai yaushe?

Injiniya Alaba:
Baba, ranka ya daɗe, ban musa abin da idonka ya gani ba. Dalilin ne nake ja. Laushin haske ba daga ƙwai yake zuwa ba, daga faɗin abin da ke jefo hasken yake zuwa. Farantin filash ɗinku na da ya kai faɗin murfin tukunya, kuma kuna riƙe shi a gefe, sama da kyamara. Tagar mai caji kuwa ba ta fi akwatin ashana ba, mutane kuma su dasa shi a kan kyamara daf da lensi. Dole inuwa ta yi kaifi, dole ido ya yi ja a fim mai kala. Ka ba ni mai caji in cire shi daga kan kyamara in harba shi cikin farar lema, zan kawo maka wannan laushin.

Batun baya ya yi baƙi kuma, doka ɗaya ce take kan su duka: in ka ninka nisa sau biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwai bai fi ƙarfin wannan doka ba. Abin da ya sa bango yake fitowa a hotunanku shi ne kuna tsayawa nesa saboda ƙarfin ƙwan, kuma kuna barin shota a 1/30, sai hasken wurin ma ya samu shiga.

Baba Mai Hoto:
To ai ka faɗa da bakinka, saboda ƙarfin ƙwan. Me ya ba mu damar tsayawa nesa? Kuma lemar da kake magana, wa zai riƙe masa ita a filin Islamiyya yara na guje-guje? Ita ma lemar ai cin haske take yi, kafin ya kai mutum 40 ya zama fitilar aci-balbal.

Injiniya Alaba:
Wannan na ba ka, Baba. A ƙarfi ƙwai ya yi gaba. Abu kamar ƙwan kaza ya doke filash mai batir huɗu.

Amma mu auna mu gani ko ana bukatar ƙarfin. Lambar ƙarfin Vivitar 283 ita ce 36 a mita da fim mai ISO 100, wato ma'aunin saurin kama haske na fim. Kana raba ta da nisa, ta ba ka ƙofar haske, wato lambar f, wadda in ta ragu ramin lensi yake ƙara buɗewa. Da fim mai 400 lambar ta ninka ta zama 72. Lensin Yashica 80 ne, don ya kwashe layi huɗu na mutum goma-goma sai ya ja baya kamar mita 8. 72 raba 8 ya ba da 9, wato f/8 ya wadatar. Ina matsalar?

Anti Mai Kyamara:
Injiniya, lissafin takarda ke nan. Ni biki nake ɗauka kusan kowane mako daga Ikeja zuwa Surulere, dijital ne abincina, fim kuma ina sa shi ga masu so. Lambar nan da kamfani yake rubutawa a ɗaki aka auna ta, inda bango da silin suke dawo da haske. A fili cikin dare babu mai dawo maka da komai, ga filash ɗin ya tsufa. Ni dai a waje nakan ƙara buɗe ƙofa da mataki ɗaya, ban taɓa da-na-sani ba.

Amma abin da ya fi damuna ba ku taɓo shi ba, kuma shi ne yake kashe hotunan mutanenmu: farar shadda. Walimar sauka ce fa. Malamai za su zo da manyan riguna farare ƙal an buga musu sitati, ɗalibai mata da farin hijabi. Idan ka bar 283 a kan otomatik, ɗan idon da ke gabansa zai ga hasken da farin ya dawo da shi, ya ɗauka aiki ya kammala, ya yanke wuta. Riga ta fito da kyau, fuska ta nutse. Mu baƙaƙe ne, fuskar ce take bukatar hasken. Sau nawa na ga hoton ango sai haƙora da hula.

Ƙanena, ko wanne za ka yi amfani da shi, cire otomatik. Ka sa shi ya ba da ƙarfinsa duka, ka yi lissafi da nisa, ka karkata wajen ba da haske fiye da kima. Fim nagatif yana jure yawan haske, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Ta wannan fuskar ƙwai yana da kirki guda: ba shi da wayo, ba ya yanke komai, abin da ke cikinsa yake juye maka.

Ɗan Zango:
Anti na gode ƙwarai. A daren kamun ma a otomatik na bar shi, ashe ko da ina kan X da sauran rina a kaba.

Sarkin Yaƙin Mile 12:
Ni fa ban gane wahalar nan ba. Fim ya yi tsada, wanki ya yi tsada, ga ƙwan da ya girmi mai shi. Wayar da ke aljihunka za ta ɗauki mutum 40 cikin dare ka gani nan take. Me ya yi zafi?

Anti Mai Kyamara:
Ya ɗauka da waya ma, ai dole, kada a sake zama ba hoto kamar daren kamu. Amma ka tambayi kanka hotunan wayarka na shekara bakwai baya suna ina. Nagatif ɗin Baba na 1971 yana nan a shagonsa.

Ɗalibin Akoka:
Ina bin muhawarar nan da daɗi, bari in sako abin da na karanta. Abin mamaki shi ne ƙwai da mai caji kusan tare aka haife su. Kafin su garin filash ake kunnawa a fili, haɗin maganiziyam da wani sinadari, wanda Adolf Miethe da Johannes Gaedicke suka fito da shi a Jamus a 1887, ga hayaƙi ga ƙuna. A 1929 aka fara sayar da ƙwan filash a Jamus, wato an kulle wutar a cikin gilashi mai iskar oksijin. Da fari siririn fallen alminiyon ake cusawa, daga baya aka koma gashin waya, har aka zo kan zirkoniyam. Shi kuma Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka tun 1931 yake aiki da filash na lantarki. Abin da ya hana shi shiga hannun kowa da wuri nauyi ne da tsada, sai da kayan lantarki suka ƙanƙance.

Kuma maganar Baba ta ƙarfi tana da shaida. O. Winston Link ya ɗauki jiragen ƙasa masu tururi cikin dare a Amurka daga 1955 zuwa 1960, a wani hoton ya kunna ƙwai sama da 40 lokaci guda, ya haska jirgi da filin da ke gabansa. Har yau masu ɗaukar hoto a cikin manyan kogunan dutse suna neman ƙwai, don ba ka ɗaukar janareta ka shiga rami. Weegee ma, mai hotunan daren New York, da ƙwai da babbar kyamara Speed Graphic ya yi suna. Sai dai shi hotunansa ba laushi a cikinsu, fuska fari fat baya baƙi ƙirin. Wannan kuma ya goyi bayan Injiniya, cewa yadda ka riƙe hasken ne magana.

Baba Mai Hoto:
Madalla da ɗan makaranta. Ka raba mana gardama ka ba kowa rabonsa. Amma shi Weegee ɗan jarida ne, yana tsaye kusa da mutum yana harbinsa a fuska. Ba haka ake hoton jama'a ba.

Hajiya Idi-Araba:
Ni ba mai hoto ba ce, 'yata ce ta sa ni a gidan nan, amma kun tuna mini da abu. Da mahaifinmu ya dawo daga Makka ya zo da ƙaramar kyamara Kodak, ana dasa mata wani ɗan akwati mai fuska huɗu a ka. In an ɗauka sai ya juya da kansa, sau huɗu ya ƙare a jefar. Mu yara muna rububin ƙonannen, mu leƙa cikinsa ya yi toka-toka ya kumbura. Ƙanena ya taɓa cafke wani babban ƙwai da mai hoto ya yar a bikin yayarmu, tafin hannunsa ya tashi. Har ya rasu da ɗan tabon. Don Allah ɗana in za ka kunna abin nan a cikin 'yan makaranta, ka sa wani babba ya riƙa karɓar ƙonannen, kada ya taɓa ƙasa.

Ɗalibin Akoka:
Hajiya, wannan shi ne filash mai ƙwai huɗu da aka fito da shi a 1965 don kyamarorin Kodak Instamatic. A 1970 aka yi wani irinsa mai suna Magicube wanda ko batir ba ya so, wata 'yar waya ce take dukansa ya tashi.

Baba Mai Hoto:
Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci, Allah ya jiƙan ƙanenki. Ɗana ka saurara da kyau, don ni na ce ka yi amfani da su, nauyin yana wuyana.

Sylvania suna sa ɗan ɗigo shuɗi a kan ƙwan. In ka ga ya koma ruwan hoda, iska ta shiga, kada ka sa shi, yana iya fashewa. Duba kowanne, wanda fentinsa ya ɓare ko gilashin ya tsage ka ware. Fentin nan ba ado ba ne, shi yake riƙe gilashi in ya fashe, shuɗin kuma shi yake mayar da hasken kamar na rana don fim mai kala kada hoto ya yi ja. Kada ka zuba su tsirara a aljihu, in ɗaya ya tashi yana iya tayar da na jikinsa. Ka bar su a kwalinsu. Kada ka sa ƙwai fuskarka tana kallonsa, kuma ka cire wayar daga kyamara kafin ka sa. Kada ka haska shi kusa da fuskar mutum, ko kusa da inda ake zuba wa janareta mai. In akwai murfin roba mai haske a cikin akwatin, na gaban farantin ne, ka sa shi.

A bayan kwalin akwai jadawali, ASA da gudun shota da lamba. ASA ɗin shi ne ISO na yanzu. Za ka ga lambar tana raguwa in gudun shota ya ƙaru, saboda ƙwai yana daɗewa yana ci, shota mai sauri tana yanke masa wutsiya. Ka tsaya a 1/30 ka kwashe hasken duka, kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku.

Injiniya Alaba:
Nan ma wani bambancin ne da ya kamata a faɗa. A 1/30 da ƙwai, yaron da ya juya kai zai ɗan yi hazo. Mai caji kuwa yana daskarar da motsi, kuma gudun shota bai shafi ƙarfinsa ba. A hoton yara 30 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tunda dai Baba ya dage, ga taimakona. Irin filash mai maficin nan yawanci batir mai bolt 22.5 ko 15 yake ci, da ɗan ƙaramin kafasito a ciki. Buɗe ka karanta abin da aka rubuta. In 22.5 ne, ƙananan batir na rimot ɗin mota masu bolt 12 guda biyu a jere suna tayar da shi. Kafasiton ne nake tsoro, shekaru da damshin Legas sun isa su kashe shi. Kawo mini shago in auna, in ya mutu canjinsa ba wuya.

Kuma gargaɗi a kan 283: kada ka buɗe cikinsa da kanka, kafasitonsa yana riƙe wuta ko an cire batir. Tsofaffin cikinsu kuma suna sako wuta mai yawa ta ƙafar da ake dasa su a kan kyamara, wasu sama da bolt 200. Yashica ba ruwanta, ƙarfe ne da ƙarfe. Amma kada wani ya ɗora shi a kan dijital bai auna ba.

Maman Ikram:
Afuwan na shigo da tawa. Ni Pentax K1000 gare ni, na yi amfani da filash rabin hoton ya fito rabi baƙi. Shi ma M ɗin ne?

Injiniya Alaba:
A'a Maman Ikram, taki ba ta da M. Shotarki labule biyu ne a gaban fim. In kin wuce 1/60, na biyu yakan fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, sai filash ya haska tsagin da ke buɗe kawai. Ki tsaya a 60, akwai alamar X a wurin. A nan ma dai ƙwai ya taɓa yin abin da mai caji na wancan zamani ya kasa: akwai irin da ake kira FP, mai daɗewa yana ci daidai wa daida har tsagin ya gama ratsa fim. Shi ya sa za ki ga kyamarar Pentax Spotmatic da ramin waya biyu, FP da X.

Maman Ikram:
A 250 na sa. Na gode Injiniya.

Anti Mai Kyamara:
Ƙanena, shawarata ta ƙarshe, kada ka kai gwaji ranar walima. Ka sadaukar da fim ɗaya da ƙwai uku a filin da za a yi, a irin lokacin. Ka sa mutum biyu su tsaya da fararen kaya, ɗaya a layin gaba ɗaya a inda layin baya zai kasance. Ka ɗaga filash sama da kai, inuwa ta faɗi bayan mutane. Kuma ka rubuta abin da ka sa a kowane hoto, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Ɗan Zango:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na fara da zuwa wurin mai wanki na ba shi haƙuri a gaban yaransa, tunda a gabansu na yi masa faɗa. Ya ce ya yafe. Na kuma gaya wa ƙanwata gaskiya, ta yi shiru ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ƙawayenta sun tura mata na waya.

Injiniya ya canja kafasito, Allah ya saka. A cikin 19 ɗin, huɗu ɗigonsu ya koma ruwan hoda, na ware. Na yi gwaji a filin Islamiyya bayan Isha'i daga mita 8, fim mai 400, ladan da wani ɗalibi suka tsaya mini da fararen kaya. Da Vivitar a kan X, f/8 ya fito amma fuskar na baya ta ɗan yi duhu, f/5.6 ya yi daidai kamar yadda Anti ta ce. Da ƙwai a kan M, 1/30, na sa f/11, nagatif ɗin ya fi na Vivitar kauri, har rubutun allon da ke jikin bango ana karantawa. Ɗaya daga cikin ukun bai tashi ba sai da na goga gindinsa a takalmi kamar ogan Baba. A na ƙarshe ɗalibin ya ɗaga hannu yana kare ido, hannun ya yi hazo, fuskar ladan kuwa tsaf.

Ban san yadda zan kwatanta ba, amma da na ji tas-tas ɗin nan da warin, sai na tuna ina ƙarami mahaifina yana hana ni taɓa akwatin. Na daɗe a tsaye kafin in cire shi.

Abin da na yanke: hotunan karɓar allo da na yara duka da Vivitar. Babban hoton malamai da ɗalibai zan ɗauka sau uku, ɗaya da Vivitar, biyu da ƙwai. Goma da suka rage zan mayar akwati.

Injiniya Alaba:
Ka fara da na Vivitar kafin ƙwai. In ƙwai ya haska mutane sukan ɗauki lokaci idonsu bai dawo ba, za ka samu rabinsu suna mutsuka ido. Kuma kada ka manta da hannun: X, sannan M.

Baba Mai Hoto:
Kuma ka gaya musu tun kafin ka latsa cewa hasken mai ƙarfi ne, kowa ya tsaya cik har ka ce an gama. Malamai a zaune a gaba, dogaye a baya, yara ƙanana a ƙasa kan tabarma inda wani zai sa musu ido. Wace rana ce walimar? In Allah ya kai mu zan zo in riƙe maka faranti, ƙafata tana iya kai ni Zango. Ka tanadi hankici mai kauri da gwangwanin madara wanda ba kowa a ciki, na zuba ƙonannu.

Ɗan Zango:
Asabar ta sama ce Baba, bayan Isha'i. Zan zo da Keke in ɗauke ka tun Magariba.